Tulun Kaka da Baƙon Tsakar Rana

Da farko dai, Alhamdu lillahi, Kaka ta warke. Na fara da wannan ne don kada mai raunin zuciya ya karanta rabi ya kama kuka. Ta warke sarai, jiya ma ta jefe ni da takalmi daga ƙofar ɗakinta, ina can bakin murhu, kuma ta same ni. Yaya Mariama ce ta ce in rubuta abin da ya faru don masu tsofaffi a gida su ji, ta kuma gargaɗe ni kada in ƙara gishiri. Na ce to. Waɗanda suka san ni sun san yadda "to" ɗina yake. Amma na rantse, wuraren da suka fi ban tsoro ban ƙara musu komai ba.

Sunana Azara, shekarata goma sha shida. Muna zaune a tsohon garin Agadas, cikin wani lungu wanda in jakuna biyu suka haɗu sai ɗaya ya nemi gafara ya ja da baya. Gidan ƙasa ne, kakanmu Agali ya gina shi tun ba a haifi Mama ba. Shi madugu ne, yana kai raƙuma Fachi ya ɗauko gishiri da dabino. Wata shekara ayari ya dawo babu shi. Ba a ga gawarsa ba, ba a ga raƙuminsa ba. Ban san shi ba, ko hotonsa babu a gidan. Tun daga wannan shekarar Kaka Lalla, uwar Mama, ba ta yarda ta kwana a ɗakin da ba nata ba. Ko biki ake a wata unguwa, sai ta dawo. In an yi mata magana ta ce, "In mutum ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe fa?"

Babanmu yana Jado wajen neman zinariya. Mama tana kasuwa tun safe tana sayar da yadi. Yaya Mariama tana Yamai tana karatun haɗa magunguna. Saboda haka da ciwo ya zo, ni ya tarar a tsakar gida ina cin gyaɗa, jinya ta faɗo kaina.

Kaka tana da fuka tun da can. In bazara ta yi zafi, ƙirjinta yana fito kamar butar shayi. A bana wata tsohuwar ƙawarta, Tekna, ta sauko daga Timiya da kayan lambu, ta kawo mata ƙunshin ganyaye a tsumma. Ina ji Tekna tana nanata mata wata magana tana ɗaga yatsa, Kaka tana cewa, "Na ji, na ji." Irin "na ji" ɗin da nake ce wa Mama in ta ce in wanke tukwane.

Dole in gaya muku halin Kaka ɗaya. Ba ta zubar da komai. Ruwan wankin shinkafa na akuya ne. Ganyen shayi kuwa tana dafa shi har sai ya roƙe ta ta ƙyale shi. Magani ya fi komai, don a wurinta ba a zubar da shi a ƙasa, kada mutum ya taka, ko ya zuba a kan waɗanda ba a gani su yi fushi. Tana da ɗan tulu na yumɓu a kusurwar ɗaki bisa yashi. Kowace safiya ta ɗebi ganye daga ƙunshin ta jefa a ciki, a kan na jiya, ta ɗan ƙara ruwa, ta jefa dabino don ya kashe ɗaci. In hantsi ya yi ta cika finjalin shayi ta shanye. Haka na taso na ga tana yi da kowane jiƙo. Tulun nan a wurinmu kamar bango yake, ba mai kallonsa.

A makon farko ƙirjin ya yi sauƙi, muka yi murna. Sai ƙishirwa ta kama ta. Ta sha kwano guda ta ce bakinta kamar an shimfiɗa yashi. Jikinta zafi rau, amma ko ɗigon zufa babu, a Agadas, a cikin bazara, lokacin da ko bango yake neman yin zufa. Ta ce haske yana sokar idonta, in saki labule. Daga nan ta fara tsintar abubuwa a kan zanenta, tana ɗauka da yatsu biyu tana ajiyewa gefe a hankali. Na leƙa, babu komai.

"Kaka, me kike tsinta?"

"Tururuwa, ƙawata. Ba ki da ido ne?"

Ƙawata take ce mini, ni kuma in na so tsokana in ce mata ƴar yarinya. Na ce, "To ƴar yarinya, in kin tara da yawa ki ba ni in kai kasuwa." Ba ta yi dariya ba. A nan na fara jin wani iri, domin Kaka ba ta barin magana ta faɗi ƙasa ba ta rama ba.

Wata rana da azahar, lokacin da gari yake mutuwa, ba motsin kowa a lungu, ko kaji sun buɗe baki sun yi shiru, ina yi mata fifita sai ta kama hannuna. Ba ni take kallo ba. Ƙofa take kallo. Baƙin idonta ya buɗe ya cinye sauran, kamar rijiya biyu.

"Azara, wace irin tarbiyya ce wannan? Baƙo yana tsaye cikin rana. Shimfiɗa masa tabarma."

Na juya. Labule ne kawai, da haske fari a ƙarƙashinsa.

"Kaka, ba kowa."

"Shimfiɗa masa. Daga nesa yake."

Na shimfiɗa tabarmar a bakin ƙofa. Ta gyara ɗankwali, ta sunkuyar da kai, ta fara gaisuwa da wata murya da ban taɓa ji ba, siririya, mai kunya. Tana tambayar gajiya, tana tambayar raƙuma, tana tambayar ko an sami ruwa a rijiyar hanya. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne shirun da take yi tsakanin tambaya da tambaya. Tana jira a amsa. Ta gyaɗa kai, sannan ta yi ta gaba.

Na fita da gudun da ban san ina da shi ba. Na isa kasuwa kafin inuwata.

Ni da Mama muka sa ta a adaidaita muka kai ta gidan likita. Layin da muka tarar, na rantse wata mata ta shiga da ciki ta fito da yaro yana rarrafe. Ana ta tura mu daga taga zuwa taga. Amma ba zan yi butulci ba. Wani majo, wato babban ma'aikacin jinya, mai furfura, ya hango idon Kaka daga nesa, ya bar abin da yake yi ya shigar da mu gaban kowa, mutane suna ta gunaguni. Allah ya saka masa. Aka gwada palu, zazzaɓin sauro, babu. Aka gwada tansiyo, wato hawan jini, aka ce zuciya tana gudu. Aka ɗaura mata sarum, wato ƙarin ruwa. Lokotoro, wato likitar, wata matashiya mai tabarau, ta dubi Mama ta ce, "Ta sha wani magani a gida?"

Mama ta ce, "A'a."

Kowa a unguwarmu haka yake amsawa. Mun sha ganin yadda ake wanke mutum tas a gaban jama'a in ya ce ya ba mara lafiya jiƙo. Ban da haka, Kaka ta yi shekara da shekaru tana shan jiƙonta ba abin da ya same ta. Ni ma ina tsaye, tulun ko a zuciyata bai zo ba.

Kafin a sallame mu Kaka ta dawo Kaka. Ta zagi abincin gidan likita, ta ce wa majo ya yi aure, ta yi rigima a mayar da ita ɗakinta. Aka rubuta ordinansi, takardar magani mai tsawon zani, farmasi ta cinye ribar da Mama ta tara, muka koma gida muna godiya.

Ba a jima ba baƙo ya dawo.

A mako na biyu dangi suka cika gidan, kowa da iliminsa. Goggo Bibata ta zo da turaren wuta, ta hayaƙa ɗakin har sauro ya yi hijira zuwa unguwar gaba, mai fuka kuwa ta kusa bin sa. Wani malami ya aiko da rubutu. Wata maƙwabciya ta ce a buga mata tande, gangar turmi, mata su kewaye ta da waƙa har abin da ya hau ta ya sauka. Wata ta ce a'a, a zuba gishiri a bakin ƙofa. Wata kuma ta ce kada a kuskura, ai gishirin ne baƙon yake bi. Kowa ya gama bayani sai ya tsaya cin tuwo. Ni ce mai tuƙawa. Hannuna na dama ya fi na hagu kauri har yau.

Da safe Kaka tana cikin hankalinta. Ta yi salla, ta yi faɗa, ta sha finjalinta. In rana ta take tsaka sai idon ya buɗe, tsintar ta fara, sannan ta dubi ƙofa. Har na daina jira ta ce, in na ga ta gyara ɗankwali sai in shimfiɗa tabarma in matsa can ƙurya. Wata rana ta ce in kawo masa ruwa. Na ajiye kwano a gefen tabarma. Da la'asar na duba, ruwan ya ragu. Na san zafi ne ya sha. Na sani sarai. Amma ban ƙara shan ruwa da kwanon nan ba.

Jikinta kuma yana lalacewa. Ba ta cin abinci, fitsari yana yi mata wuya, leɓenta ya tsattsage. Wani lokaci ta dube ni ta ce, "Ƴar wace ce ke?" Wannan ya fi baƙon ciwo a wurina. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka, na fito na ce albasa ce, ko da yake ranar ba a yanka albasa ba.

Muka koma gidan likita. Layi, taga, sarum, ordinansi. Lokotoro ta sake tambaya, Mama ta sake cewa a'a. Kaka ta sake warkewa. Muka dawo, abin ya dawo.

Sai Kawu Useini, ƙanen Mama, ya iso daga Arlit. Shi mutum ne mai son a gama magana kafin shayi ya huce. Ya zauna a zaure ya tara manya, ni ina bayan ƙofa ina aikin da na fi iyawa.

"Ku duba," in ji shi. "A gidan likita lafiyarta lau. A ɗakin nan ba lafiya. Sau biyu ke nan. To mene ne ba ku gane ba? Ɗakin ne. Ko ma mene ne a ciki, ni ba ruwana da sunansa. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan tafi da Inna Arlit. Ƙofar kuma a toshe ta da tubali."

Mama ta ce, "Useini, ka san alkawarinta."

"Yaya, alkawari da wa? Da wanda yashi ya cinye tun ina goye? In mun bar ta nan, gawa za mu fitar."

Ba wanda ya iya musa masa, don maganarsa tana da kai da ƙafa. Washegari aka sauke tubala a zaure.

Kaka ta ji ƙarar sauke su. Da safe ne, tana cikin hankalinta. Ta kira ni, ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"Ƙawata, in suka fitar da ni daga ɗakin nan, ba zan kai Arlit da rai ba. Kada ki bari su rufe ƙofar."

Na ce ba zan bari ba. Ni da ko kaza ba ta jin maganata.

Mama ta kira Yaya Mariama, ta baro karatu ta hawo mota. Ta iso a gajiye, ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa gaban Kaka ta haska idonta da fitilar salula. Baƙin idon bai motsa ba. Ta taɓa fatarta, ta duba harshenta, ta zazzage ledar magungunan farmasi tana karanta kowanne tana girgiza kai.

"Ba waɗannan ba ne. Kaka, ban da su me kike sha?"

Kaka ta ce, "Tazargade ne kawai, na ƙirji."

Tazargade ganye ne mai ƙamshi da ake kawowa daga duwatsu, kowane gida akwai shi. Yaya ta ce shi ba ya yin haka. Ta tashi tana cizon leɓe. Na lura Kaka ta jawo zanenta ta rufe kusurwar da tulun yake, amma na ɗauka sanyin yashi take nema.

Ranar Alhamis, ana gobe tafiya, aka ɗauke ruwan pompo, randa ta kusa ƙafewa, Mama da Yaya suna zaure suna jayayya da Kawu. Ni ina ɗaki da yunwa da ƙishi. Kaka ta ɗan yi gyangyaɗi. Sai na tuna akwai dabino a cikin tulu, ya kwana yana shan ruwa, ya kumbura. Duk wanda ya san ni ya san ba a barina da dabino a ɗaki ɗaya. Na zura hannu har gwiwar hannu. Abin da na taɓa ba ruwa ba ne sosai, yana da kauri, yana da santsi. Na lalubo dabino na ci, na ƙara, na kora da ɗan abin da ya taru a tafin hannuna. Zaƙi a gaba, ɗaci a baya.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Na fara jin harshena ya zama guntun fata. Na ɗaga hannuna na ga ya yi nisa, kamar na maƙwabta. Bangon ɗaki yana numfashi a hankali. Tururuwa suka fito a kan zanena, jere, farare, na fara tsince su. Ashe da gaske suna nan.

Sai hasken ƙarƙashin labule ya ragu, kamar wani ya tsaya.

Yana zaune a kan tabarma. Ban ga shigowarsa ba. Dogo ne, siriri, rawanin turkuɗi ya rufe masa fuska sai ido. Ƙafafunsa fari fat da gishiri har ƙauri, sun tsattsage. Yana sanye da takalmin fata, na hagun ya tsinke an ɗaure shi da jan ƙyalle. Ba ya motsi, ba ya numfashi. Kaka ta farka ta gyara ɗankwali ta fara gaisuwarta, yana fuskantarta. Ba wani ƙara a duniya sai muryarta.

Sannan ya juyo da kansa a hankali ya dube ni.

An ce ihun da na yi, ladan ya ɗauka an riga shi kiran salla. Ni ban tuna ba. Abin da aka gaya mini shi ne Yaya Mariama ta shigo ta same ni manne da bango ina ce wa ƙofa, "Sannu da zuwa, don Allah kada ka tafi da ni." Kawu ya ce, "Kun gani! Ya kama yarinyar ma!" Yaya ba ta kula shi ba. Ta kama haɓata ta haska idona, ta haska na Kaka, ta sake haska nawa.

"Azara! Me kika ci?"

An ce na amsa da ladabi, "Dabinon baƙo."

Ta ga hannuna baƙi har gwiwa. Ta bi ɗigon da ya zuba a ƙasa har kusurwa, ta janye zanen Kaka, ta ɗauko tulun ta juye shi a cikin roba. Mama ta ce abin da ya fito kamar kwalta, baƙi, mai kauri, da tulin ruɓaɓɓen ganye na makonni. Yaya ta kwance ƙunshin tsumman ta baza a tabarma tana tonawa da yatsa. Tazargade na nan da yawa. Amma a cikinsa akwai wani ganye mai faɗi, da ƴan ƙananan iri.

Ta ce, "Zaƙami ne, ganyen nan mai juya hankali." Sannan ta ce, "Kawu, ɗauko mota. Mama, ɗauki robar nan, da ita za mu tafi."

Mama ta ce, "Mu kai wa lokotoro wannan? Za ta cinye mu."

"Ta cinye mu, Mama."

Ta kuwa cinye mu. An ce mai tabarau ta yi faɗan da har masu jinyar ɗakin gaba suka zo kallo, Mama tana tsaye da roba a hannu kamar mai tallan da ba a saya ba. Amma da ta gama ta dafa kafaɗar Mama ta ce, "Da ba ku kawo ba, da haka za mu yi ta yi har zuciyarta ta gaji." Kalmar da ta yi ta maimaitawa ita ce antoksikasiyon, wato guba ta taru a jiki. Na riƙe ta, don ita ce kalma mafi tsawo da ta taɓa kama ni. Aka kwantar da mu gado da gado, ni da ƙawata, kowa da sarum ɗinta. Mai jinya ta zama abin jinya. Kawu Useini da kansa ya riƙa yi mini fifita, abin da zan riƙa tuna masa har ya tsufa.

Da na dawo hayyacina na tambayi Yaya yadda aka yi ganye ya zama haka. Ta ce, "Abin da muke yi a labo, ɗakin gwajinmu, da gangan, shi Kaka ta yi a ɗaki ba da sani ba. Mukan jiƙa ganye, mu tace, mu sa ruwan ya tashi, ƙarfin ya zauna a ɗan abin da ya rage. Shi ake ce wa ekistire. Cokali ɗaya nasa ya fi kwano na jiƙo. Mu muna aunawa da sikeli, mu rubuta ƙarfinsa a jikin kwalba, mu ba da shi ɗigo-ɗigo. Ita kuwa kullum tana ƙara ganye a kan ganye, zafin bazara yana shanye ruwan, finjalin bai canza ba amma abin da ke cikinsa yana ƙara ƙarfi. Da tazargade ne kaɗai, da ciki kawai zai ɓata mata. Wannan karon akwai zaƙami."

Da aka aika Timiya, Tekna ta sauko a motar kayan lambu, ta shigo gidan tana faɗa tun daga zaure.

"Lalla! Me na ce miki? Na ce abin da yatsu uku suka ɗauka, ki jiƙa da safe, ki yi kurɓi ɗaya, ki haƙa rami ki binne sauran! Sau nawa na faɗa? Kina ta ce mini na ji, na ji!"

Kaka ta ce, "Ai na ji."

Yaya Mariama ta gaishe ta da ladabi, sannan ta ce, "Inna Tekna, ko kurɓi ɗayan ma ina jin tsoronsa. Zaƙamin da ya tsiro a bakin rafi da wanda ya tsiro a kan dutse ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, yatsu kuma ba sa ganewa." Tekna ta ce ita ta san na inda take tsinka tun kafin a haifi uwar Mariama. Suka yi ta yi har shayi ya kai zagaye na uku. A ƙarshe Tekna ta ce ba za ta ƙara sa shi a ƙunshin tsofaffi masu taurin kai ba, Yaya kuma ta roƙe ta ta nuna mata sauran ganyayen ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowanne da inda yake fitowa. Aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari aka binne abin da ke cikin robar, da bisimilla, kamar yadda Kaka ta sharɗanta. Fukarta yanzu ɗan abin shaƙa ne na farmasi yake riƙe da ita, tana kiransa usur.

Kawu bai ce ya yi kuskure ba, ba a haife shi da wannan kalmar ba. Ya dai koma Arlit shi kaɗai. Tubalan suna nan a zaure, akuya ta mayar da su gadonta.

To ga abin da nake so masu tsofaffi su riƙe. Jiƙon jiya ba na yau ba ne, a binne shi. In idon mutum ya buɗe baƙi, bakinsa ya bushe, yana tsintar abin da ba kowa ke gani ba, kafin a kira masu tande a leƙa kusurwar ɗaki. In lokotoro ta tambaya, a faɗa mata, a ɗauki tulun ma a kai mata. Faɗanta ba ya kisa, mun gwada. Kuma kada a ci dabinon da aka tsamo daga magani, ko da yake wannan ni kaɗai ce nake bukatar a gaya wa.

Saura abu ɗaya, wanda Yaya ta ce kada in rubuta.

Bayan komai ya lafa, wata rana da azahar ina tsefe wa Kaka kai, gari ya yi tsit, sai ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ƙawata, da kika gan shi, me ya sa a ƙafa?"

Na ce, "Takalmin fata. Na hagu an ɗaure shi da jan ƙyalle."

Ta ce, "Daga bakin zanena na yage shi, da asubar da za su tashi. Na ce ya bari a gyara, ya ce in ya dawo."

Tsefewar ta tsaya a hannuna. Na ce, "Kaka, ke kin san tulun ne yake kawo shi?"

"Tun mako na biyu. In na sha ya zo, in ban sha ba bai zo ba. Ni yarinya ce da ba zan gane ba?"

"Kika yi shiru? Kin kusa mutuwa fa! Kawu ya kusa toshe ƙofar!"

"Na sani. Kullum ina cewa gobe zan bari." Ta gyara zama. "Tun uwarki tana ƙarama nake jiran mutumin nan. Ya zo ya zauna a ƙofata. In ke ce, za ki zubar?"

Na ci gaba da tsefewa, can na ce, "To yanzu in Inna Tekna ta manta ta sake kawowa?"

"Ba zan sha ba." Ta kama hannuna, wanda ya shiga tulun, ta riƙe. "Duk zuwan da yake yi, ni yake kallo. Ranar nan na ga ya juya ya dube ki. Ban jira shi don ya zo ya dubi jikata ba."

Na gaya wa Yaya Mariama. Ta ce babu mamaki Kaka ta ambaci jan ƙyallen nan cikin sambatunta, kunnena ya ɗauka, zaƙami ya zana mini shi. Ta yi karatu, kuma ita ce ta ceci Kaka, don haka na yarda da ita. Na zauna na tuna duk abin da Kaka ta faɗa a makonnin nan, raƙuma, rijiya, gajiya. Ban tuna ta yi maganar takalmi ba. Amma ni mai mantuwa ce, kowa ya sani.

Tulun yana nan a kusurwa, an wanke shi an kife. Ƙofar Kaka a buɗe take kamar kullum. In azahar ta yi takan ɗan dubi labule, sannan ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuma tabarmar nan na naɗe ta na ɗora can bisa katanga. Duk wanda ya zo gidanmu da tsakar rana, ya yi sallama da ƙarfi, in ji muryarsa tukuna.